DTM ɗina ya cinye bakin kanal, ya bar mangwaro a tsaye: ina gizon yake saƙar?

Ɗan Kura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku taimaka min kafin in yi jifa da kwamfutar nan. Wani alhaji ya ba ni aikin awon gonarsa ta noman rani, wajen hekta 60, a yankinmu na Kura. So yake a baje ƙasar, a sake yanka fangali, a fitar da hanyar da ruwa zai riƙa tsiyayewa, don gefe ɗaya kullum a jiƙe yake, ɗayan kuma ruwa ba ya kai masa. Na tashi jirgi marar matuƙi, Phantom 4 RTK, a tsayin mita 100, na zuba hotunan a manhajar WebODM mai mai da su taswira, na kunna dtm, wato taswirar tsayin ƙasa zalla ba bishiya ba gini, sauran saitin na bar shi yadda na tarar. Abin da ya fito sai hamdala. Gonar mangwaron da ke kusurwar gabas ta zama tsauni. Bakin kanal da nake tsayawa a kansa da ƙafata, ya ɗara ƙuguna tsayi, an aske shi kamar ba a taɓa yinsa ba. Cikin kanal ɗin kuma ramuka ne masu zurfin mita uku zuwa huɗu. Na fitar da layukan tsayi a manhajar taswira ta QGIS, sun fito kamar an zubar da taliya a ƙasa. Me zan taɓa?

Na Zazzau: Wa alaikumus salam. Ka taɓa aljihunka ka yi hayar LiDAR, na'urar da ke awo da harbin haske, shi ke nan. Amma na san Bakano, gara ya kwana uku bai yi barci ba da ya fitar da kuɗin haya.

Ɗan Kura: Malam, kuɗin hayar na'urar LiDAR ta L2 na yini ɗaya ya kusa cinye abin da za a biya ni gaba ɗaya. Ku Zagezagi da kuke aiki da kayan makaranta ba za ku gane ba.

Baba Safiyo: Ɗana, kafin a shiga maganar saiti, tambaya biyu. Yaushe ka tashi jirgin, kuma me ke cikin gonar a ranar? Sannan turaku nawa ka kafa a ƙasa ka auna da rova, wato na'urar GPS ta awo da ake yawo da ita?

Ɗan Kura: Baba, makon jiya ne. Rabin gonar an girbe shinkafa, saura kututture da ɗan tattaka. Ɗaya rabin alkama ce ta kai gwiwa. Turaku biyar na kafa, duka na ba manhajar ta yi aiki da su.

Baba Safiyo: To rabin da ke da alkama ka manta da shi. Kyamara abin da ido ya gani shi take aunawa. Ta ga kan alkama, ta auna kan alkama. Babu rariyar da za ta tace maka ƙasar da ba a ɗauki hotonta ba. Ko ka jira girbi, ko ka shiga da rova da ƙafarka. Kuma turaku biyar da ka ba manhaja duka, da me za ka kama ta idan ta yi maka ƙarya? Ai ka ba ɗalibi amsa ne kafin jarrabawa.

Hajiya Taswira: Baba ya gama magana a kan alkama. Bari in ɗauki sauran ɗaya bayan ɗaya, don matsaloli huɗu ne daban ka haɗa a kwano ɗaya, kuma maganin wata yana tayar da wata.

WebODM da rariyar SMRF yake tace ƙasa, hanyar da Pingel da abokan aikinsa suka wallafa a 2013, ta cikin manhajar PDAL. Yadda take aiki: ana shimfiɗa raga a kan tarin ɗigogin tsayi da manhaja ta fitar daga hotuna, a kowane gurbi a ɗauki ɗigon da ya fi kowa ƙasa. Sai a riƙa goge wannan shimfiɗar da wani faifai, a fara da ƙarami, a riƙa faɗaɗa shi mataki-mataki. Duk abin da ya fi faifan siranta ana gutsure shi. A kowane mataki ana duba nawa aka gutsure; idan ya wuce gangarar da ka yarda da ita sau girman faifan, sai a ce wannan ba ƙasa ba ce. Daga abin da ya rage ake gina ƙasar wucin gadi, sannan a koma wa ɗigogin asali a tambayi kowanne nisansa da ita. Lambobi huɗun da ka bari yadda ka tarar su ne: smrf-window 18 (iyakar girman faifan), smrf-slope 0.15 (gangarar), smrf-threshold 0.5 (nisan da aka yarda ɗigo ya yi da ƙasar wucin gadi), smrf-scalar 1.25 (ƙarin wannan nisa a inda ƙasa ta karkata).

Mangwaronka tun daga window ya tsira. Faɗinsa nawa ne ta ɓangaren da ya fi siranta?

Ɗan Kura: Na auna a hoton, Hajiya. Mita 52 ta siririn ɓangaren, rassan sun haɗe babu inda ake ganin ƙasa.

Ɗalibin Safiyo: To ai sai ya mai da window 52 ko 60 ke nan, ko ba haka ba Anti? Haka na karanta, wai a sa girman abu mafi girma da ke filin.

Hajiya Taswira: Ka kusa, ƙanena. Lambar daga tsakiyar faifan zuwa bakinsa ce, wato rabin faɗi. 18 tana share abin da faɗinsa bai wuce wajen mita 36 ba. Mai mita 52 yana buƙatar 26, to a ba shi 30 don a huta. Ba laifi ba ne ka sa 60, sai dai aikin zai yi nauyi, kuma duk tudun gaskiya mai faɗi yana shiga haɗari. Akwai kuma sharaɗi na biyu da mutane ke mantawa: dole tsayin abin ya wuce gangara sau rabin faɗin. A nan 0.15 sau 26 ya ba da mita 3.9. Mangwaro ya fi haka nesa ba kusa ba, zai tafi. Amma ka ɗauki kachalar da ta cika wani wuri mai faɗin mita 40, tsayinta mita 2. Rabin faɗi 20, sau 0.15, mita 3 ke nan. Kachala ba ta kai ba. Ko ka mai da window 100 tana nan zaune a matsayin ƙasa, sai ka sauke gangarar zuwa wajen 0.05.

Injiniyan Ruwa: Wallahi kachalar nan ita ta wahalar da mu a wani aiki wajen Haɗeja. A taswira sai ka ga tudu a tsakiyar fadama, ka je ka tarar ruwa ne har ƙirji. To shi ke nan Ɗan Kura, filinka shimfiɗaɗɗe ne, sauke slope ɗin zuwa 0.05 ka huta.

Hajiya Taswira: A'a Injiniya, a nan ne zai ƙarasa kashe kanal ɗin. Dubi lissafin. A ce saman bakin kanal faɗinsa mita 2, gefensa yana sauka mita 1 a kowace mita 2. Da faifai ya kai rabin faɗi na mita 2, zai gutsure rabin mita daga saman. Abin da aka yarda da shi a wannan mataki 0.15 sau 2, wato santimita 30. Hamsin ta fi talatin, sai manhaja ta ce gini ne ta cire. Abin da ya same shi ke nan. Idan ka ɗaga gangarar zuwa 0.3, iyakar ta zama santimita 60, bakin kanal ya tsira. Kanal yana son a ɗaga, kachala da gajerun ciyayi suna son a sauke. Lamba ɗaya ba za ta biya wa duka biyun buƙata ba.

Injiniyan Ruwa: Na karɓi gyara. Ni dai kanal ɗina na siminti ne a wancan aikin, zane na gare shi, ban dogara da jirgi ba.

Ɗan Kura: To Hajiya, in na ɗaga in ci kachala, in na sauke in rasa kanal. Ya zan yi?

Hajiya Taswira: Ka raba filin. Sauke fayil ɗin ɗigogin, wato LAZ, daga WebODM, ka zana zirin da ya bi kanal da titin gona, mita goma kowane gefe, ka tace shi shi kaɗai da gangara 0.3 ko sama, window ƙarami kamar 5 tunda babu babban abu a wurin. Sauran filin ka tace da gangara 0.05 zuwa 0.1, window 30. Sai ka haɗe su. A PDAL abu ne na layuka kaɗan. Kuma ka daina sake sarrafa hotuna dubu duk lokacin da za ka canza lamba ɗaya. Yanki kamar hekta biyu da ya ƙunshi kanal, bishiya da fangali, ka yi ta gwaji a kansa, kowane zagaye minti ɗaya ko biyu.

Na Zazzau: Ni fa SMRF ɗin nan ban taɓa shiri da shi ba. Manhajar CloudCompare kyauta ce, akwai wani matacin ƙasa mai suna CSF a ciki. Masu bincike a Jami'ar Beijing Normal ne suka fito da shi a 2016, kuma ko yaro zai gane shi: a kifar da tarin ɗigogin, a saki zane daga sama ya faɗo a kansu, inda zanen ya kwanta nan ne ƙasa. Manyan abubuwan taɓawa uku ne: taurin zanen, girman idonsa, da nisan da za a yarda ɗigo ya yi da zanen. Ka zaɓi shimfiɗaɗɗen fili, ka danna, ka sha shayi.

Hajiya Taswira: Malam, zanen naka ma ciwonsa ɗaya. Da ka kifar da filin, bakin kanal ya zama kwari siriri. Zane mai tauri tsallake shi zai yi, bai shiga ba, an aske ke nan. Ka sassauta shi ya shiga kwarin kanal, zai fara lotsawa cikin ramin da mangwaro ya zama. Ko lasground na LAStools ka ɗauka haka ne: taku mita 5 na daji, 10 na ƙaramin gari, 25 na birni, 50 na inda manyan masana'antu suke, duk tambaya ɗaya ce, mene ne mafi girman abin da kake son cirewa. Metashape ma da gurbinsa na mita 50, kusurwa digiri 15 da nisan mita 1, yana bin tsari irin wanda Axelsson ya kawo a 2000, a fara da ɗigogin ƙasa-ƙasa a riƙa ƙara masu kusa. Sunaye ne suka bambanta.

Na Zazzau: Ban musa ba. Amma a CloudCompare ina ganin abin da idona nan take, in yanka in duba. Wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Hajiya Taswira: A wannan kam ina bayanka. Duk manhajar da mutum ya tace da ita, ya buɗe sakamakon a can ya yanka siririn ziri ya kalle shi ta gefe, ɗigon ƙasa launi ɗaya, sauran wani launi. Daga sama komai kyau yake yi.

Baba Safiyo: Ramukan cikin kanal fa? Kun bar su.

Hajiya Taswira: Na gode Baba, su ya kamata ma a fara da su. Ruwa yana motsi yana ƙyalli, manhaja ba ta samun abu ɗaya a hotuna biyu, sai ta ƙirƙiro ɗigogi a ƙarƙashin ƙasa. Duk rariyoyin nan kuma sun ginu ne a kan zaton cewa ɗigon da ya fi ƙasa shi ne gaskiya. Ɗigo ɗaya na ƙarya a mita huɗu ƙarƙashin kanal ya isa ya ja shimfiɗar ƙasa, har ƙasar kirki da ke kewaye da shi ta koma kamar gini. Don haka shara kafin tankaɗe: a PDAL ka wuce da filters.outlier da filters.elm, su sa wa waɗannan lamba 7, wadda a tsarin fayil ɗin ɗigogi na LAS ita ce ta hayaniya, wato ɗigogin ƙarya, ka ce wa SMRF ya ƙyale masu lamba 7. Ƙasa ita ce lamba 2. A CloudCompare kuma SOR ne ke yin wannan sharar. Mafi sauƙi ma ka zana iyakar ruwan ka yanke ɗigoginsa gaba ɗaya. Gindin kanal kuwa sai sanda, kamar yadda Baba zai ce.

Baba Safiyo: Haka zan ce kuwa. Ko LiDAR ɗin da Bazazzagi ke tallatawa ba ya huda ruwa, haskensa ruwa shanye shi yake yi, sai nau'in kore da ake awon gaɓar teku da shi.

Ɗan Ƙonni: Salamu alaikum, ina biye da ku daga nan Birnin Ƙonni. Mu nan da Faransanci MNT muke ce ma DTM, MNS kuma DSM, wato taswirar da ba a cire bishiya da gini ba, amma wahalar guda ce. Ina da tambaya a kan kunyar fangali, don ita ta fi damuna. Kunya faɗinta bai wuce santimita 40 ba, tsayi 20 zuwa 25. In na rage threshold zuwa 0.15 don in kawar da kututturen shinkafa, kunyoyin su ma sai su ɓace. In na bar shi 0.5, kunya na nan amma ciyawa da tarin tattaka su ma suna nan. Haka muka sha a wani aikin farfaɗo da ƙasa wajen Tawa: gandarin rabin wata da aka yi don tare ruwan sama, su ne abin da aka aike mu ƙirgawa, rariya ta share su tas.

Hajiya Taswira: Malam, wannan ita ce iyakar da lissafin siffa ba ya wucewa. Kunya mai santimita 25 da layin ciyawa mai santimita 25, a wurin manhaja abu ɗaya ne. Dabaru uku na sani. Ta farko, ka sa threshold ɗan sama da tsayin kunya, kamar 0.3, ka tashi jirgi bayan an share gona, yadda babu abin da ke ƙasa da haka sai ƙasa. Ta biyu, launi: ɗigogin hoto suna ɗauke da ja, kore da shuɗi, to ka cire masu rinjayen kore tukuna sannan ka tace. Tana aiki a ɗanyar ciyawa, ba ta aiki a busasshiya, don a rani ciyawa da ƙasa launinsu ɗaya. Ta uku, wadda ba a so, ka zana layin kunyoyin da hannu daga hoton, ka ce duk ɗigon da ke kan layin ƙasa ne. Aikin rabin watan naka kuwa, ni da DSM zan ƙirga su, in ba a ƙarƙashin bishiya suke ba.

Ɗan Ƙonni: Maganar bishiya ta tuna min. Kowa cewa yake a tashi jirgi da rani ganye ya zube. Kuka ta zube, gaskiya. Gawo kuwa da rani yake fitar da ganye, da damina ya kaɗe. Filin da gawo ya yi yawa, lokacin da gona ta fito fili shi ne lokacin da ya rufe gindinsa.

Na Zazzau: Ka ga inda LiDAR ke cin kasuwa ke nan. Harbi ɗaya yana dawo da amsa fiye da ɗaya, na'urar L1 har uku, L2 har biyar, wani ya daki ganye wani ya zurara ta kafa ya taɓa ƙasa. Amma in faɗi gaskiya tunda Bakano ba ya nan kusa, a alkama mai cunkoso ko kachala shi ma kaɗan ne ke kaiwa ƙasa.

Ɗan Kura: Ina nan, na ji. Allah ya sa ka maimaita a gaban masu haya.

Ɗalibin Safiyo: Ni tambayata wata ce daban. Suri ƙasa ne ko ba ƙasa ba? Mun yi gardama a aji har malami ya shigo.

Baba Safiyo: Tambayi wanda zai biya kuɗin. Mai tura katafila yana son ya san suri nawa zai rushe, a wurinsa ƙasa ce da za a kwashe. Mai zana hanyar ruwa ta gari guda, suri ƙura ce a idonsa. Haka bakin kanal, haka gadar kwalbati, haka bola. Kalmar ƙasa ba ta da ma'ana ɗaya, takardar aikin ce ke yanke hukunci. Shi ya sa nake rubuta wa mai aiki tun farko abin da zan bari da abin da zan cire, ya sa hannu.

Mai Zaure: Ɗalibi, ka rubuta wannan ka kai wa malaminku. A ci gaba, saura taliyar.

Injiniyan Ruwa: Taliyar nan tawa ce, ku bar min ita. Ɗan Kura, girman gurbi nawa ka fitar?

Ɗan Kura: Santimita 5, yadda dem-resolution yake tun asali. Na ɗauka ƙanƙanta ita ce inganci. Har na yi niyyar mai da shi 2.

Injiniyan Ruwa: To ga abin da ka yi. A mita 100 jirginka kowane ɗigon hoto yana rufe wajen santimita 2.7 a ƙasa. Abin da aka saba gani, kuskuren tsayi yana kai ninki biyu zuwa uku na wannan, ka ce santimita 5 zuwa 8. Yanzu ka ɗauki gurbi biyu maƙwabta, tsakaninsu santimita 5, ɗaya ya yi kuskuren santimita 3 sama, ɗayan 2 ƙasa. Manhaja za ta ce maka akwai gangarar kashi 100 cikin 100 a wurin. Alhali filin noman rani gangarar da muke nema ba ta wuce santimita 10 zuwa 20 a mita 100 ba. Hayaniyar ta danne saƙon ɗaruruwan sau. Layin tsayi kuwa duk inda ya ga hawa da sauka sai ya bi, shi ya sa ya nannaɗe. Ka mai da gurbin mita 1, ɗigogi masu yawa su taru a ɗauki matsakaicinsu, rawar ta lafa, sai ka ga ainihin inda filin ya karkata.

Ga kuma nauyi. Hekta 60 murabba'in mita 600,000 ne. A santimita 5, gurbi miliyan 240, kowanne bayit 4, kusan gigabayit ɗaya kafin a matse. A mita 1, gurbi 600,000, bai kai megabayit uku ba. Wanne za ka tura wa mai katafila ta WhatsApp?

Ɗan Ƙonni: Injiniya, ban yarda da mita 1 ba. Kunyata mai santimita 40 ina za ta shiga? Kuma ita ce ke tare ruwan. In ka gudanar da ruwa a kan MNT ɗin da babu kunya, zai nuna maka yana ratsa gona kai tsaye, abin da ba ya faruwa.

Injiniyan Ruwa: Ai shi baje filin zai yi, kunyoyin duk rushe su za a yi a sake sababbi. Me zai yi da su?

Ɗan Ƙonni: Kanal da magudanan da ba za a rushe ba fa? Ƙaramar magudana mai faɗin rabin mita, a gurbin mita 1 ta narke.

Hajiya Taswira: Ku duka kuna da gaskiya, kuma babu dokar da ta ce DTM ɗaya za a fitar. Tace ƙasa daban, girman gurbin fitarwa daban. A tace sau ɗaya, a fitar sau biyu. Abin da kake son ya bayyana yana buƙatar gurbi biyu zuwa uku a faɗinsa, don haka kunya da ƙananan magudanai santimita 15 zuwa 20. Layukan tsayi, karkatar fili da lissafin yanka da ciko, rabin mita zuwa mita 1. Iyaka ta ƙasa kuma yawan ɗigogin da suka rage bayan tacewa ne ke sa ta, ba waɗanda aka fara da su ba. Ɗigo 4 a murabba'in mita na nufin tazarar rabin mita tsakaninsu. 25 na nufin santimita 20. Ka sauka ƙasa da haka, cike gurbi kawai manhaja ke yi da hasashe. Ku duba Amurka: a shirin 3DEP na hukumar USGS, matakin QL2 ɗigo 2 ne a murabba'in mita da kuskuren tsayi na santimita 10, kuma taswirar mita 1 suke fitarwa da shi, da ita ake lissafin ambaliya.

Ɗan Kura, ƙarƙashin mangwaron nan bayan an cire shi rami ne mai faɗin mita 52 babu ɗigo ko ɗaya. Manhaja za ta ja shimfiɗa daga wannan baki zuwa wancan, ta yi santsi kamar gaske. Ka shiga da rova ko lebul, na'urar awon tsayi, ka ɗauko ɗigogi ka zuba, ko ka yi wa wurin alama a taswirar cewa ba a auna ba.

Ɗalibin Safiyo: Anti, ba za a iya cike wurin da taswirorin tsayi na duniya irin SRTM ko Copernicus ba tunda kyauta ne?

Hajiya Taswira: Gurbinsu mita 30 ne, ƙanena, gonar mangwaron gaba ɗaya ba ta wuce gurbi biyu a faɗi ba. Kuma su ma saman bishiya da rufin gida suke gani, na SRTM ma tun Fabrairun 2000 aka ɗauke shi. Suna da amfani in kana duban kwarin kogi guda.

Baba Safiyo: Injiniya ya ce matsakaici yana kwantar da rawa, gaskiya ne, amma akwai kuskuren da ba ya kwantarwa. In manhaja ba ta gane lanƙwasar gilashin kyamara daidai ba, filin gaba ɗaya yakan fito kamar kwano, ko a kife ko a buɗe, tsakiya ta bambanta da gefe da santimita goma-goma. A shimfiɗaɗɗen fili da aka ɗauka duk hotuna suna kallon ƙasa tsaye ya fi faruwa. A hoto ba za ka gani ba. Ranar da aka saki ruwa za ka gani, a gaban alhaji. Na taɓa karɓar irin wannan daga wani kamfani, taswira kyakkyawa da launuka, muka kafa lebul muka tarar magudanar da suka zana hawa take yi. Maganinsa a ƙara zagaye na biyu a gicciye, kyamara a ɗan karkace, a baza turaku har tsakiya da kusurwoyi. Sannan a ware wasu da manhaja ba ta taɓa gani ba, ko ashirin, wasu a fili, wasu a kan kanal, wasu a gindin ciyawa. Kuma a duba wane tsayi rova ke bayarwa, na GPS tsantsa ko wanda aka gyara da EGM2008 ya koma tsayi daga matakin teku, kada a haɗa shi da tsohon ma'aunin kanal a ga bambancin mitoci a ɗora wa jirgi laifi.

Injiniyan Ruwa: Ƙari ɗaya kafin in tafi masallaci. In za ka gudanar da ruwa a kan DTM ɗin, titin gona zai zama dam, don jirgi bai ga bututun kwalbati ba. Ka huda shi da hannu a wuraren, ko ka yi amfani da kayan huda na WhiteboxTools. Kada ka yi amfani da mai cike ramuka kawai, zai mai da rabin gonar tafki.

Ɗan Kura: Jama'a na dawo, kwana huɗu ina kai. Na yanke ruwan kanal, na share hayaniya, na raba filin biyu yadda Hajiya ta ce. Zirin kanal gangara 0.3, sauran 0.08 da window 30, threshold 0.3. Mangwaro ya tafi, bakin kanal ya dawo, sai wuri ɗaya kusa da ƙofar ruwa da na gyara da hannu. Na fitar da santimita 20 da kuma mita 1, layukan tsayi daga na mita 1 sun miƙe. Na koma na ɗauki turaku 22 sababbi. A inda aka girbe bambancin bai wuce santimita 6 ba. A cikin alkama kuwa taswirar tana sama da ƙasar gaske da kusan santimita 40, yadda Baba ya faɗa. Na gaya wa alhaji wannan rabin sai bayan girbi, bai ji daɗi ba amma ya yarda. Allah ya saka da alheri.

Baba Safiyo: Amin. Turakun nan 22, bambancin nasu gefe ɗaya yake ko a warwatse? Jera su daga yamma zuwa gabas ka gani.

Ɗan Kura: Yanzu na jera. Na tsakiya kusan duk suna sama da santimita 3 zuwa 5, na bakin gabas suna ƙasa da kamar haka. Baba, kwanon ne?

Baba Safiyo: Ɗan ƙarami. Ranar da za ka koma don alkamar, ka tashi filin duka a gicciye, ka kafa turaku uku a bakin gabas.

Na Zazzau: Ka fita da sassafe kafin hazo ya taso, kuma ka caja batir a gida, kada ka dogara da janareton alhaji.

Ɗan Ƙonni: Hajiya, in ba damuwa ki turo min layukan PDAL ɗin na raba fili, in gwada a kan magudanan nan namu. Mu muna shiyya ta 31 ta tsarin taswira na UTM, su Kano 32, sai in canza wannan kawai ko?

Hajiya Taswira: Shi kaɗai, da sunan fayil ɗin zirin da ka zana. Zan turo bayan isha'i.